Motar da ba ta gyaruwa a gindin gawo

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar tashar Magarya ko ta Dungas da la'asar sakaliya, bayan motocin kasuwa sun sauke lodi, ya san da wata majalisa wadda ba ta da shugaba ba ta da magatakarda, amma hukuncinta ya fi na mujallun Turai kaifi. Direbobi ne da makanikai da yaran mota, kuma abin da suke tankaɗe da rairaya a kansa shi ne kat-kat, wato motar nan mai ja da ƙafa huɗu wadda aka ƙera domin inda kwalta ta ƙare. Tun da wayar salula ta kawo hotunan sababbin motoci har cikin aljihu, muhawarar ta ƙara zafi. Samari na yaba sheƙin jiki da fitilu da allon da ke magana da direba. Dattawan sana'a kuwa tambaya guda suke yi: idan ta mutu da tsakar dare tsakanin wani ƙauyen Kwaya da Magarya, wa zai tashe ta?

Wasu ƴan boko kan ɗauki wannan tambaya a matsayin ƙauyanci da tsoron zamani. Sun yi kuskure babba. Ita ce tambaya mafi hikima da za a yi wa kowace kat-kat, kuma alƙiblar da manyan kamfanonin ƙera motoci suka fuskanta a shekarun nan ta nuna cewa sun daina damuwa da amsarta.

Sai an san ƙasar kafin a fahimci nauyin tambayar. Kwalta ta haɗa Damagaram da Magarya, tafiyar kilomita casa'in ko kusa da haka, amma akasarin ƙauyukan Kwaya da Waca da Bande da Malawa da Dogo-Dogo hanyoyin rairayi ne ke sadar da su. Da rani yashi ya yi laushi ya haɗiye taya, da damina fadamu su cika, hanya ta ɓace a ƙarƙashin ruwa da laka. Abin takaicin shi ne lokacin da hanya ta fi muni shi ne lokacin da aka fi bukatar ta, domin daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan ƙananan yara. Ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières ta kama aiki a Magarya tun 2005 saboda wannan masifa. A irin wannan wuri, kat-kat ita ce ke tsakanin mai naƙuda da asibiti, ita ce ke kai gero da riɗi da wake kasuwa, ita ce ke kai alluran rigakafi da littattafan lakkol. Inda ta gaza, amalanken shanu ne ke ɗaukar maras lafiya, kuma kowa ya san yawan rayukan da suka ƙare a kan amalanke kafin a hango fitilun gari.

Ƙaunar da direbobin yankin ke yi wa wasu motoci tana da dalili. Land Rover ta fito a Ingila a 1948, da jikin alminiyum da injin da maƙerin gari zai iya kwancewa. Toyota ta fara tata a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, sa'an nan a 1984 ta fitar da samfurin da ake kira 70, wanda ya zama jakin Sahel. A 1990 aka ba shi injin gazuwal mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla. Ba shi da gudu, ba shi da taushi, amma yana shan man da ya samu, kuma idan ya yi tari makanike na jin ciwonsa da kunne. Gangar motar a kan shasi mai kama da tsani take zaune, ƙafafunta a kan sandunan ƙarfe masu kauri, sifirin ɗin bayanta ganyen ƙarfe ne da ake ɗaurewa da igiya a lallaɓa har gida. Duniya ta shaida ƙarfin irin waɗannan motoci a 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya da akori-kurar Toyota, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Wannan suna da kamfanoni ke taƙama da shi yau, a rairayin Afirka aka gina shi, da gumin direbobin da ba wanda ya rubuta sunayensu.

To, ina aka dosa yanzu? A watan Janairun 2016 aka rufe ƙera tsohuwar Defender a Solihull ta Ingila. Wadda ta gaje ta, da aka nuna a Frankfurt a 2019, a ƙasar Sulobakiya ake haɗa ta, an cire mata shasin tsani, an cusa mata gomman ƙananan kwamfutoci, har ta kan karɓi gyaran manhajarta ta intanet. A 2021 Toyota ta fitar da Land Cruiser 300, ta ajiye injin V8 ta sa V6 mai turbo biyu, da kujerun fata da alluna da na'urorin da ke yanke hukunci a madadin direba. Ko samfurin 70 bai tsira ba, domin a 2023 an ba shi ƙaramin inji mai silinda huɗu da lita 2.8, wanda kwamfuta ke sarrafawa, da giya mai canza kanta. Wani attajirin Ingila, Jim Ratcliffe, ya ji haushin mutuwar tsohuwar Defender ya ƙera tasa mai suna Grenadier, wadda aka fara haɗawa a Faransa a 2022. Ya dawo da shasin tsani da sandunan ƙarfe, amma injinta na BMW ne, cike da lantarki, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin duk wani mai motar haya a ƙasar Damagaram. Ashe ko masu kukan tsohuwar kat-kat a Turai, kukan abin wasa suke yi.

Ga yadda matsalar take a aikace. Injin gazuwal na zamani yana fesa mai ne da matsi mai tsanani ta wasu ƙofofi da suka fi bakin allura ƙanƙanta. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura a cikin man ya isa ya kashe su, alhali kuwa a ƙauye daga jarka da kwalba ake sayen mai, kuma iskar hunturu ba ta bar komai ba. Bututun hayaƙinsa na ɗauke da matata da ke son gazuwal mai tsabta ƙwarai. Turai ta rage sinadarin farar wuta a manta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙasashen yammacin Afirka kuwa sai a 2020 suka amince da mizanin kashi 50, kuma amincewa a takarda daban take da abin da ke cikin jarka. Samuwar matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011 ba ta hana man da ba a san asalinsa ba yawo a kan iyaka. Mafi muni, idan wata ƴar na'ura mai auna zafi ko iska ta rikice, kwamfuta kan rage wa injin ƙarfi ko ta hana shi tashi ɗungurungum, ko da babu abin da ya karye. Daga nan sai a jira mai na'urar bincike daga Yamai ko Kano. Motar da aka saya da dukiyar gari guda sai ta koma inuwar awaki, saboda waya ɗaya da ba ta kai kuɗin buhun gero ba.

Masu kare sabon salo na da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba su da su. Suna cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: tsofaffin motoci na fitar da baƙin hayaƙi, suna zuƙar mai, ba su da jakar iska, burkinsu ba ya kamawa kamar na yanzu, kuma idan suka kife mutane da yawa ke hallaka. Duk gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai so a dawwama a kan motar da ta shekara arba'in, an loda mata mutum talatin da awakinsu. Suna kuma cewa doka ce ta tilasta wa kamfanoni, tunda a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'idar da ke neman kawo ƙarshen sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035. Wannan ma gaskiya ne.

Sai dai hujjar ta tsaya a rabin hanya. Wace dokar hayaƙi ce ta wajabta kujera mai tausa? Wace ce ta ce a mayar da maɓallin fanka cikin allon gilashi, ko a kulle bayanan inji ta yadda wakilin kamfani kaɗai zai karanta su? Burki mai kyau da jakar iska ba su hana mota gyaruwa. Abin da ya faru shi ne kamfanoni sun gano cewa ribar mota ɗaya ta ƙawa ta fi ta motocin aiki da yawa, kuma mai sayen kat-kat a Dubai ko Landan ko Kalifoniya ba zai taka yashi ba sai ranar hutu. Domin shi ake zana motar, sa'an nan a kira kwaɗayin riba da sunan ci gaba. Kuma abin da aka zana masa yau shi ne zai iso nan bayan shekara goma ko sha biyar. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Saboda haka hukuncin da injiniya ya yanke a Nagoya ko Koventiri, a garejin Magarya za a biya kuɗinsa.

Wannan raini ya daɗe. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas masu ƙafar sarƙa, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya ratsa Tasawa da Damagaram ya nufi Tabkin Cadi, aka ɗauki hotunan sarakuna da dawakai aka kai Paris domin tallar kamfani. Daga 1979 tseren Paris-Dakar ya riƙa keta Tenere da Agadas, ana gwada ƙarfin injuna a gaban kyamarori, har aka soke na 2008, aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Shekara ɗari ke nan Sahel na zama labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa. An ari rairayinta, an ari rananta, amma ra'ayin mutanenta bai taɓa shiga ɗakin zane ba.

Duk da haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfani na sayar da abin da ake saye ne, kuma manyan masu sayen sabuwar kat-kat a Nijar su ne hukuma da proje-proje da masu hannu da shuni. A nan laifin gida yake. Kalmar V8 ta zama kirari, ta zama ma'aunin girman mutum a wurin biki da jana'iza. Jami'in da ke zaɓen motar aiki yakan tambayi kowa ban da direban da zai tuƙa ta da makaniken da zai gyara ta. Ba baƙon abu ba ne a ga motar ɗaukar marasa lafiya ta kyauta, mai kyan ɗan maciji, an ɗora ta a kan duwatsu a harabar asibiti bayan damina biyu, domin wanda ya bayar bai tambayi inda za a samu kayan gyaranta ba, wanda ya karɓa kuma kunya ta hana shi tambaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai wata hasarar da ta shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Garejin gari makaranta ce. A can yaron da lakkol ta kora ke koyon auna abu da lissafi da haƙuri, a can aka ƙirƙiri ɗaruruwan kalmomin Hausa na sassan inji, wasu daga Faransanci, wasu daga Turancin Kano, wasu daga maƙera. Direban rairayi ya san lokacin sassauta iskar taya, ya san launin yashin da ke cin mota, ya san karanta sawun amalanke da daddare. Ilimi ne cikakke, kuma motar da ke kulle cikinta tana kashe shi a hankali, tana mayar da gwani ɗan kallo a cikin sana'arsa.

Gyara na yiwuwa, domin wasu sun yi. Mutanen jihar Massachusetts ta Amurka sun kaɗa ƙuri'a a 2012 suka tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan gyara ga kowane gareji, suka sake ƙarfafa dokar a 2020. Ƙasar da ke sayen motoci da kuɗin talakawa na da ikon gindaya irin wannan sharaɗi: kada a sayi motar aiki sai da na'urar bincikenta da littafin gyaranta da horon makanikan jihar da za ta zauna, kuma a sa tsohon direba cikin kwamitin zaɓe. Cibiyoyin koyon sana'a na Magarya da Dungas su haɗa lantarkin mota da sifana a darasi guda, tun kafin motocin su cika tasha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin al'adu kuma su ɗauki takarda da rikoda su zauna a majalisar tasha, su tattara kalmomin nan da dabarun nan yayin da masu su ke raye.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da za a kawo wa komin ɗin Kwaya sabuwar motar asibiti, kafin a yi guɗa a yanka kirtani, a miƙa wa makaniken gari mabuɗi ya buɗe murfin inji. In ya ce zai iya tashe ta a gindin gawo da fitilar hannu, a karɓa da godiya. In ya girgiza kai, a mayar wa mai ita.