WA KE CIN RIBAR GUNGUME, MAI SARA KO MAI JIRGI?

Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sanin bambancin mai sayar da gyaɗa da ɓawonta da mai sayar da mai da ƙuli-ƙuli. To, rigimar da ke tsakanin Amurka da maƙwabciyarta Kanada a kan gumagumai ke nan.

Itacen da ake magana kuwa shi ne mai taushi, na ƙasashen sanyi, mai ganye kamar allura, wanda Turawa ke gina gidaje da katakonsa. Dazukansa sun miƙe a gaɓar tekun yamma, daga lardin Birtish Kolombiya na Kanada har jihohin Washinton da Oregon na Amurka. Daji ɗaya ne, doka ce biyu.

A Birtish Kolombiya fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasa na gwamnati ne. Tun 1906 aka yi doka cewa itacen da aka sara a dajin gwamnati a tsaga shi a gida. Wanda ke son fitar da gungume sai ya fara tallata shi ga masu injin tsaga katako na lardin, in ba wanda ya taya da farashin kirki sannan a ba shi izini. Ma'ana, leburan gari ya fara samun aiki kafin baƙo.

Sai Amurka ta ce wai wannan zamba ce! Wai hana fitar da gungume yana karya farashinsa, don haka katakon Kanada ke shigo mata da araha. Rigimar katako ta fara tun 1982, a 1992 kuwa Ma'aikatar Ciniki ta Amurka ta lissafa dokar nan a cikin tallafin da ya cancanci haraji. Da aka yi sulhu a 2006, cikin kimanin dala biliyan 5 da kwastan ɗinta ya tara, Amurka ta riƙe wajen biliyan 1. Sulhun ya ƙare a 2015, a 2017 aka sake aza haraji.

Jama'a, ku dubi laifin tudu. Ita Amurkan nan tun 1973 ta hana fitar da gungume daga dazukan gwamnatin tarayya na yamma, a 1990 ta mai da hanin doka ta dindindin. Abin da ta yi a gidanta sunansa kare ma'aikaci, maƙwabci ya yi sunansa cuta. Ina adalci a nan?

Kuma kada wani ya ɗauka tausayin lebura ne ya motsa su. Hanin bai taɓa dazukan manyan kamfanoni ba. A shekarar 1990 ɗin, da aka sa wata mujiya cikin tsuntsayen da za a kare aka rage sara, an gaya wa waɗanda suka rasa aiki wai mujiya ce ta cinye musu abinci. Alhali jiragen ruwa na ta lodin gumagumai a tashar Longview zuwa Japan, ko zarto bai taɓa su ba. Mujiya ba ta da lauya, shi ya sa.

Ita ma Kanada ba zan wanke ta ba. A 2003 gwamnatin Birtish Kolombiya ta soke sharaɗin da ya ɗaure kamfani ya tsaga itace a injin garin da ke kusa da dajin. Injuna suka yi ta rufewa. Da Sin ta buɗe baki tana saye, gumagumai da lardin ya fitar a 2013 sun haura kubik mita miliyan 6. Kamfani ya rufe injinsa, sannan ya ce ba mai saye a gida, a ba shi izinin fitarwa. Aka kuma ba shi.