Zane ba ya zama kujera sai an riƙe zarto

Duk wanda ya shiga ajinmu na ƙasa ya san kujerun da ake jinginawa a bango saboda ƙafa ɗaya ta saki. Mu da ke karatun zane-zane a kansu muke zama, muna zana wasu kujerun a kwamfuta, masu kyau kamar a lasa. Abin da nake so in faɗa, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗinsa ba, shi ne: ɗalibin da ya gama difloma a wannan fanni bai taɓa haɗa katako biyu da hannunsa ba, rabin karatu ya yi.

Wata huɗu na yi a shagon wani kafinta lokacin SIWES, kuma a nan na gane dalilin da kujerunmu ke mutuwa. Akasarinsu ƙusa aka buga ta shiga kan katako, wato ta bi tsawon jijiyarsa. Ƙusa a wannan wuri ba ta da abin kamawa. Yau a zauna, gobe a jingina baya, jibi ta fara fitowa. Gam ma haka, kan katako shanye shi yake yi, ba ya riƙewa sosai. Maigidan shagon, wanda kowa ke kira Baba, ba ya yarda a yi ƙafar kujera haka. Rami ake saƙawa a jikin ƙafar, a fere bakin ɗaya katakon ya zama harshe, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, a sa gam a cusa. In harshen ya yi siriri ya karye, in ya yi kauri bangon ramin ya tsage. Na yi mako biyu ina wannan haɗi kaɗai kafin Baba ya ɗaga ɗaya ya girgiza, ya ce, "To, yaro, wannan ta zaunu."

An koya mana sunan wannan haɗi a aji, har mun zana shi a jarrabawa. Amma takarda ba ta gaya maka cewa katako yana motsi. Yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin haka, ta tsawo kusan ba ya motsi. Shi ya sa ƙofar ɗakinku ke cijewa da damina, da hunturu kuma ta bar kafa har iska na shiga. Mu a Arewa abin ya fi tsanani, domin yawancin katakon da muke aiki da shi, irin su afara da obeche da iroko, daga dazukan Kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Ka yi tebur da ɗanyen falanki a watan Agusta, ka ɗaure samansa tam da ƙusoshi, zuwa Janairu za ka ga tsaga. Wanda ya san wannan tun a zane zai bar wa saman teburin wurin motsi.

Ga kuma maganar awo. Tu-bai-fo ɗin da ka rubuta a zanenka, in ka je kasuwar katako ka sa tef, da wuya ya cika inci biyu da huɗu, in aka goge shi kuma ya ƙara raguwa. Allon MDF da ake yayi yanzu ƙafa huɗu ne da takwas. Ka zana kabad ba ka yi lissafi da wannan ba, sai an sayi allo guda saboda ɗan guntu, kuɗin mai aiki ya tafi a banza. Shi MDF ɗin ma, ruwa ya taɓa gefensa ya kumbura, ba ya komawa. Amma sai ka ga ɗalibi ya sa shi a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, don ya yi kyau a hoto.

Na san amsar da ake bayarwa: ai mu masu tsarawa ne, kafinta ke aiwatarwa. Akwai gaskiya a ciki, ba wanda ya ce sai ka ƙware kamar mai shekara talatin a sana'a. Sai dai a ƙarƙashin wannan magana akwai raini, mu daina ɓoyewa. Wasunmu kunya suke ji a gan su da garin katako a riga. Magabatanmu da suka zaɓi azara ta giginya don rufin soro, saboda gara ba ta cinta da sauƙi, suka zaɓi ƙirya don turmi, ba su rarrabe mai tunani da mai sassaƙa ba. Kuma kafintan da ka kai wa zanen da ba zai tsaya ba, ba zai yi musu da kai ba. Zai karɓa, ya gyara yadda ya ga dama, ya ce maka haka ka zana.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin ƙarshe na kammala karatu. Kowa ya san yadda ake yi: a haɗa kuɗi, a kai wa kafintan bakin ƙofar makaranta, a ɗauko a shafa fenti, a tsaya gaban malamai a ce "mun yi". Ban ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Wokshof ɗinmu yawanci a kulle yake, in an buɗe babu wuta, zartuna sun dakushe, mutum arba'in a kan benci uku. To ina za a koya?

Kwalejin kimiyya da fasaha don aikin hannu aka kafa ta, kuma manhajar da hukumar NBTE ke amincewa da ita ta ware sa'o'in aiki a wokshof. Haƙƙinmu ne, mun biya kuɗin makaranta. Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta sa wannan cikin abin da za ta kai wa hukumar makaranta a wannan zango: a buɗe wokshof da yamma ko sau biyu a mako, a wasa kayan hannu, tunda su ba sa jiran NEPA, a kuma ɗauko gogaggen kafinta daga gari ya riƙa zama da mu. Katakon gwaji ma ba sai an saya ba. Karyayyun kujerun da aka tara a bayan ɗakin taro sun isa 'yan aji ɗaya su yi zango guda suna kwancewa suna sake haɗawa.