Suga Ya Sauka, Zuciya Fa?

'Yan uwa, a Zango da Daura mukan auna kyan maganin ciwon suga da abu ɗaya: an soki yatsa, na'ura ta nuna lamba ta sauka, shi ke nan magani ya yi. Labarin Avandia ya isa ya sa mu sake tunani.

Kamfanin SmithKline Beecham, wanda daga baya ya zama GlaxoSmithKline, shi ne ya fito da shi a Amurka a 1999. Ba maganin bogi ba ne. Yana sa jiki ya karɓi insulin yadda ya kamata, suga kuma yana sauka da gaske. Amma yana tara ruwa a jiki, ƙafafu su kumbura, mai raunin zuciya ya ƙara galabaita, mata kuma ƙashinsu ya riƙa saurin karyewa. A 2007 wani likitan zuciya, Steven Nissen, ya tattara gwaje-gwaje 42, ya ce haɗarin bugun zuciya ya ƙaru da kashi 43 cikin ɗari ga masu shan sa. Turai ta dakatar da sayar da shi a Satumbar 2010. Amurka ta taƙaita shi kawai, a 2013 ma ta sassauta bayan ta sake duba hujjoji. Har masana ba su zama baki ɗaya ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda aka gano matsalar. An rubuta wanda ya sha, an bi shi shekaru, an ƙirga wanda ya kwanta da wanda ya rasu. To jarkar da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa, wadda aka ce tana “kashe suga har abada”, wa ke ƙirga nata? In ƙodar dattijo ta lalace, sai mu ce kwana ne ya ƙare, mai jarka kuwa ya tafi kasuwa ta gaba.

Kada kuma wani ya ji an janye Avandia ya ajiye metformin ɗinsa, ba iri ɗaya ba ne, kuma sugan da aka ƙyale shi ke cin ido da ƙafa. Wanda ya ga kumburi ko haki bayan sabon magani, ya ɗauki kwalin ya koma wurin likita, ya nemi a kai rahoton ga NAFDAC.