Gina Makewayi Daban, Kula da Shi Daban: A Ba Matan da Ke Aikin Haƙƙinsu

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wani ɓangare na makaranta da ba a cika kai baƙo ya gani ba. Idan manya suka zo ziyara, akan zaga da su ajujuwan da aka yi wa fenti da ofishin shugaban makaranta, sannan a raka su mota. Can bayan gini kuwa, inda makewayi yake, nan ne ainihin halin makaranta ke bayyana. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Tudun Wada da Rigasa, duk wanda ya koyar a makarantar gwamnati ya san abin da ake nufi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ra'ayina shi ne, matsalarmu ba ta tsaya ga ƙarancin gini ba. An sha gina makewayi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, amma kafin shekara ta zagayo ramin ya cika, ƙofa ta ɓalle, an garƙame da kwaɗo. Abin da ake mantawa da shi a cikin lissafi shi ne mutumin da zai share, ya wanke, ya ɗebo ruwa, ya kawo rahoto tun kafin ɓarna ta yi nisa. A yawancin wurare wannan mutumin mace ce, kuma ita ce ba a gayyata wajen shawara, ita ce ba ta cikin kasafi.

Mu duba yadda abin yake a garin nan. Wanda ya yi sammako ya bi titin Ahmadu Bello ko titin Ali Akilu zai tarar da mata da tsintsiya suna shara tun gari bai waye ba, motoci na gilmawa ta gefensu. A asibitoci da ofisoshi su ne masu goge-goge. A gida kuwa, uwa ce mai wanke wa yaro, ita ce mai zubar da fo, ita ce mai zuba toka a bakin masai. Idan amai da gudawa ya shiga gida, ita ce mai kwana a zaune. Aikin tsafta ya daɗe a hannun mata. Abin da bai zo hannunsu ba shi ne albashi mai tsari, da kayan kariya, da kujera a wurin yanke hukunci.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar da haɗin gwiwar UNICEF a 2021 ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 48 ne ke yin ba-haya a fili. A wannan shekarar ce kwalara ta ɓarke, hukumar NCDC ta ƙidaya mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu. Rukunin da cutar ta fi kamawa shi ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato dai waɗanda ke zaune a gabanmu kullum. Tun a watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta, a 2019 kuma ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya 2025 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen ba-haya a fili. Jihar Jigawa ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin a 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan matsayi.

Yadda cutar ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Ƙuda ya sauka a kan ƙazanta ya tashi ya sauka a kan awara ko ƙosan da yaro ya saya lokacin tara. Ruwan damina ya kwashi abin da aka yi a bayan katanga ya zuba a kwata, kwata ta tsiyaya cikin rijiya. Hannun da bai ga sabulu ba ya shiga kwano ɗaya da hannaye biyar. A unguwanninmu masu cunkoso, inda masai da rijiya ke maƙwabtaka a tsakar gida ɗaya, hanyar gajeruwa ce ƙwarai.

Akwai darasi daga ƙasar Haiti, can a yankin Karebiyan. A watan Oktoba na 2010, watanni tara bayan girgizar ƙasar da ta rushe babban birninsu, kwalara ta ɓulla daga ƙazantar wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ta malala cikin kogi. Mutane kusan 10,000 suka mutu, har Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen ƙasar a 2016. A can, masu yashe masai da hannu, waɗanda ake kira bayakou, sai dare ya yi suke fitowa aiki saboda ƙyamar da ake nuna musu. Amma a ƙasar ce kuma wasu mata biyu, Sasha Kramer da Sarah Brownell, suka kafa ƙungiyar SOIL a 2006. A birnin Cap-Haitien, ƙungiyar na ajiye wa gidaje makewayi mai bokiti da murfi. Duk wanda ya yi amfani da shi sai ya rufe da busasshen tuƙar rake, ma'aikata su zo duk mako su ɗauke su ajiye wankakke, a sarrafa abin tsawon watanni har ya zama takin noma. Magidanci na biyan ɗan kuɗi a wata. Ba cewa nake mu kwafo bokitinsu ba. Abin ɗauka shi ne sun ɗauki makewayi a matsayin hidima ta yau da kullum, mai ma'aikaci da albashi da ranar zuwa, ba gini kawai ba.

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar malamai da masai, alhali ga batun albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho? Amsar ita ce makewayi na cikin yanayin aiki. Malamar da ke ƙin shan ruwa tun safe don kada buƙata ta kama ta, ko mai juna biyu da sai ta yi sallama a gidan maƙwabta, haƙƙinta na ma'aikaciya ne aka tauye. Ɗaliba kuma da ta fara al'ada, idan ba ta da wurin da za ta kulle ƙofa ta gyara jikinta, zamanta a gida za ta yi. Kwana uku a wannan wata, huɗu a wancan, har karatu ya kuɓuce mata, sannan a dawo a tuhumi malami da faɗuwar ɗalibai. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ya ce makewayi ɗaya ga ɗalibai mata 25, ɗaya kuma tare da wurin fitsari ga maza 50, ga na malamai mata daban, na maza daban. Kowannenmu ya ƙidaya ɗaliban makarantarsa ya raba da yawan ƙofofin da ke buɗuwa, ya ga inda muke.

Akwai kuma wani laifi da ke tsakaninmu mu malamai, wato mayar da wankin makewayi horo ga wanda ya makara ko ya yi surutu, da kuma ware 'yan mata a ce su ne masu shara yayin da maza ke ƙwallo. Darasin da yaro ke ɗauka daga nan shi ne tsafta wulaƙanci ce, kuma ta mata ce. Wanda ya tashi da wannan tunani ba zai girmama mai sharar ofishinsa ba idan ya zama darakta.

Saboda haka ina ba reshenmu shawara ya ɗauki matakai huɗu. Na farko, wakilan makarantu su ƙidaya makewayin da ke aiki da waɗanda suka mutu, da inda ake da ruwa da inda sai an sayi na 'yan garuwa, a haɗa rahoto a miƙa wa sakataren ilimi da hukumar SUBEB. Hujja a rubuce ta fi ƙorafi a ɗakin malamai tasiri. Na biyu, mu nemi duk makarantar da aka gina wa makewayi, ko daga asusun jiha ko ta shirin AGILE, a ware mata kuɗin kulawa da na yashewa, a kuma ɗauki mai tsafta aiki na dindindin, a kan albashin da bai gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, tare da safar hannu da takalmin roba da takunkumi. Na uku, a ba iyaye mata da malamai mata jagorancin sashen tsafta a kwamitocin SBMC, a kuma tuntuɓe su tun kafin a haƙa rami, domin su ne suka san cewa makewayin da ke fuskantar filin ƙwallo, ko wanda ke lungu mai duhu, yarinya ba za ta shiga ba. Na huɗu, mu daina horo da wankin makewayi, a yi jadawalin da ya haɗa maza da mata a kan ayyukan da suka dace da yara, a bar mai nauyi ga babba.

Za a ce babu kuɗi. To, a kwatanta kuɗin sabulu da albashin mutum ɗaya da kuɗin ginin da ake rushewa a sake bayar da kwangilarsa, da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti, da kwanakin karatun da ake asara. Rigakafi ya fi magani.

Ranar 19 ga Nuwamba ita ce Ranar Makewayi ta Duniya. Ya kamata kafin ta zagayo rahotonmu ya isa teburin hukuma. A ranar kuma, kowace makaranta ta kira matar da ke share ta gaban taron ɗalibai, a ambaci sunanta, a gode mata, sannan ƙungiya ta tsaya tsayin daka har sunan nan ya shiga takardar albashi.