Wayarki, Jarinki: Gefen hoto shi ne shaidar hajarki

  

Kowace mace in za ta sayi turmin atamfa, kafin ta tambayi kuɗi, gefe take fara juyawa. Can ne masaƙa take buga sunanta, can ne ake gane ta ƙwarai da jabu. Ko wadda ba ta yi boko ba ta san wannan dubawar. To, yau magana ce kan irin wannan gefen, amma na hoton da kike ɗorawa a WhatsApp ko Facebook don tallar hajarki. Masu waya mai Faransanci za su ga an rubuta masa "cadre". Mu dai mu ce gefe.

Me ya sa sai an yi wa hoto gefe?

Hoto ba ya zama inda kika ajiye shi. Kin ɗauki hoton ƙuli-ƙulinki a Maraɗi, kin rubuta suna da lamba a ƙarƙashinsa, kin ɗora a sitatu. Sitatu awa 24 yake yi ya ɓace. Wata ta gani ya burge ta, ta adana a wayarta, bayan sati ta tura wa yayarta a Yamai. Abin da ya kamata ki sani shi ne, rubutun da kika yi a ƙarƙashi ba ya bin hoton zuwa cikin ma'ajiyar waya. Hoton ne kaɗai yake tafiya. Ga mai saye a Yamai da kuɗi a hannu, ga kaya masu kyau a gabanta, amma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Wani lokacin ma wata mai irin sana'arki ce za ta ɗauki hoton ta yi tallar nata kayan da shi. Ke da wahalar suya, wata da ciniki.

Amma in sunan sana'arki da lambarki suna cikin hoton kansa, a kan gefen da kika yi masa, duk inda ya je da su zai je. Wannan shi ne babban aikin gefe. Kwalliya daga baya take zuwa.

Abin da za a rubuta, da abin da za a bari

Abu uku sun isa: sunan sana'a ko na asusu, gari, da lambar waya. Lambobinmu na Nijar guda 8 ne. In kina da masu saye a Jibiya, Katsina ko Kano, ki fara da +227, don in ba shi kiransu ba zai shigo ba.

Farashi kuma a yi hattara. Mu da baki dala muke ƙirgawa, takarda kuma da faran take ƙirgawa. In kika rubuta 200 tsura, wata za ta ɗauka dala ɗari biyu ce, wato jika guda, wata kuma za ta ɗauka dala arba'in ce. Rigima ke nan tun ba a fara ciniki ba. Ki rubuta 1000 F, da harafin F ɗin a bayansa, magana ta ƙare. Ki kuma tuna hoto yana daɗewa, farashi ba ya daɗewa. Kuɗin man gyaɗa na kaka ba shi ne na bazara ba. Saboda haka ko dai ki bar farashin a saƙon da ke ƙarƙashi, ko ki sa wata da shekara kusa da shi, don kar a zo miki da hoton bara a ce sai kin sayar a haka.

Sai maganar lambar wa za a sa. Lambar da ta shiga hoto ta shiga duniya, ba mai iya janye ta. Akwai marasa aikin yi da ke kiran mata cikin dare ba don ciniki ba. Wadda ba ta son wannan, ta shawarci maigida ko ta nemi layi na daban don sana'a, ko kuma asusu ya tsayar da lamba guda a hannun magatakarda. Haka nan fuskarki da ta ƴan matanki, ba dole ba ne su fito. Haja ake talla. In mayafi ne ko rigar yara, a shimfiɗa ko a rataye ya wadatar.

Yadda ake yi

Hanya ta farko ba ta cin ko dala. Tun wajen ɗauka ake yin gefen. Ki shimfiɗa zane mai launi guda wanda ba shi da fure, ki ɗora kayan a tsakiya, ki bar fili ta ko'ina, musamman ta ƙasa. Ki goge idon kamara da bakin mayafi, don maiƙon hannu shi ke sa hoto hazo. Ki ɗauka a inuwa da hantsi, ba cikin tsakar rana ba, ba kuma cikin duhun ɗaki ba. In kin shigar da hoton a WhatsApp, kafin ki tura, ki duba sama za ki ga harafin T. Ki danna, ki rubuta suna da lamba, ki ja rubutun da yatsa zuwa filin da kika bari. Ki fara tura wa kanki ko wata ƙawa, sai ki riƙa amfani da wannan.

Hanya ta biyu ita ce ta manhaja, wato aplikasiyo. Akwai Snapseed, ta kamfanin Google, kyauta ce, kuma in an sauke ta tana aiki ko ba reso. Tana da wurin sa gefe da wurin rubutu. Akwai kuma irin su InShot da Canva. Saukewar ce mai cin mega, don haka ba sai kowa ta sauke ba. Mace guda ko ƴar lakwal guda mai hannu da waya za ta iya yi wa asusu duka ranar zubi.

Ki lura da siffa. Sitatu dogo ne kamar yadda kike riƙe waya, a manhaja shi ne 9:16. Mai kusurwa huɗu daidai shi ne 1:1, ya fi zama cikin gurup da Facebook. In kika ɗora hoto mai faɗi a sitatu, za ki ga sama da ƙasa sun zama fili ba komai. Wannan filin asara ne, gara ki cike shi da launinki da sunanki. Sai dai kar rubutun ya manne a can ƙarshe, don sama akwai sunan mai sitatu, ƙasa kuma akwai wurin amsawa, za su rufe shi.

Launi guda ga asusu guda

Da yawa cikinmu da cikin masu sayenmu ba sa karatu, amma ido ba mudu ba, ya san kima. In asusunku ya tsaya kan gefe kore, mai turaren wuta kore, mai sabulu kore, mai cuku kore, ba za a jima ba mai saye za ta ce, "Ai wannan na matan nan ne." Wadda ta sayi yajin ɗaya ta ji daɗi za ta yarda da garin kunun ɗayar. Ashe gefen ya zama kamar ankon biki.

To amma anko nauyi gare shi. In ɗaya ta yi algus, sunan duka ta ɓata. Ya kamata a tsayar da magana a zaman asusu: wa ke da izinin sa launin, kuma me za a yi wa wadda ta ci amana, kamar yadda muke da tara ga mai makara da mai fashin zubi.

Kar kuma a cika kwalliya. Furanni, taurari da zukata kewaye da hoto suna janye ido daga haja. Gefe siriri ta sama da ɓangarori, mai ɗan faɗi ta ƙasa don rubutu. Baƙin rubutu kan fari ko farin rubutu kan launi mai duhu, da manyan haruffa, don wayoyin mutanenmu ƙanana ne, wasu ma gilashin ya tsage.

Abin da gefe ba zai yi miki ba

Ana iya yanke shi. Duk mai waya, cikin ƙiftawar ido, zai datse gefen ya bar hoton tsirara. Maganin wannan na gargajiya ne: ki rubuta sunan sana'arki da bik a ɗan kwali, ki jingina shi jikin kayan kafin ki ɗauka, yadda ba a cire shi sai an yanke hajar.

Na biyu, gefe ba ya gyara kaya. Manhajojin nan suna iya ƙara wa launi haske, su mai da zane mai dishi-dishi ya yi ta walƙiya. Kar ki taɓa wannan wurin. Mai saye a Tawa ko Damagaram ta tura kuɗi saboda abin da ta gani. In saƙo ya iso tasha ta buɗe ta ga daban, da lambarki a gefe, ke za ta kira, kuma ke za ta yi ta ba da labari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yawancinmu da bashin asusu muka saro kayan nan, ranar biya kuma ba ta jiran wadda aka maido wa haja.

Aikin wannan watan: a zubi mai zuwa ku zaɓi launi, ku tsayar da lamba, kowa ta zo da haja guda a ɗauka. Ku tura hoton ga wata da ba ta garinku, ku tambaye ta ko ta gane na wa ne da inda za ta kira. In ta gane ba tare da tambaya ba, gefenku ya yi.

Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa.