Hazo Ba Ya Zuwa a Ɓoye

Kowa ya san hazon hunturu da tarin da yakan jawo wa yara. Da yawa daga ƙurar nan iska ke kwaso ta daga Kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda dā tafki ne. Tauraron ɗan'adam Terra, wanda Amurka ta harba a 1999, ya yi ta ɗaukar hoton tashinta. Masana sukan haɗa irin hotunan nan da lissafin tafiyar iska a kwamfuta, su kintaci ranar da za ta iso mu.

To, ina amfanin sanin in ya tsaya a ofis? Ya kamata Hukuma ta riƙa aika wa makarantu gargaɗi da wuri, malamai kuma su tsare masu ciwon fuka cikin aji ran nan. Rigakafi ya fi magani.