Yaro da Kwamfutar Kiɗa: A Fara Tura Shi Gidan Makaɗi

A Magariya da Dungas yanzu da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga matashi da abin saurare a kunne yana dangwalar waya ba. Ba dukansu ke kallon bidiyo ba. Wasu kiɗa suke haɗawa da manhajoji irin su FL Studio da BandLab, kuma abin da suka fi ɗokin koya shi ne tsakuren sauti: a yanko daƙiƙa biyu ko uku daga wani kiɗa, a maimaita, a ɗora murya a kai. Iyaye da yawa suna ganin shashanci ne, su ƙwace wayar. Ni ina ganin hani ba zai yi magani ba. Abin da ya kamata shi ne mu sa wa yaron sharaɗi guda: sautin da zai fara koyo da shi, ya je ya ɗauko shi da kansa daga hannun makaɗi, da izininsa.

Bari in fara da abin da aikin ya ƙunsa, don malamai ƴan'uwana su ga ba wasa ba ne. Kowane kiɗa yana da saurinsa, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. Idan manhaja tana kan bugu 120, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, bugu huɗu daƙiƙa 2. A ce yaro ya yanko bugu huɗu na ganga, ya ga tsawonsu daƙiƙa 2 da ɗigo 4. To kowane bugu ya ci ɗigo 6 na daƙiƙa, wato saurin gangar 100 ne. In yana so ta zauna cikin kiɗansa, ko ya sauko da manhajar zuwa 100, ko ya matse gangar. In ya matse ta ta hanyar ƙara mata gudu, muryarta za ta yi sama. In ya ninka gudun sau biyu, sai ta koma siririya kamar ta yaro. Wannan rabawa ce da daidaiton lissafi, abin da muke fama mu cusa a aji da alli. Ga yaro yana yin sa da dare ba wanda ya sa shi.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne daga ina sautin ya fito. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauko da tsohon faifan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, a yanka, a wuce. Duniya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A 1969 wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifai, a cikinsa akwai wajen daƙiƙa 7 da makaɗinsu Gregory Coleman ya buga ganga shi kaɗai. Daga baya dubban waƙoƙi suka tsakuri wannan ɗan guntu, wasu suka yi kuɗi da shi. Coleman ya rasu a 2006 bai ga ko dala ba. Manu Dibango na Kamaru ya fi shi sa'a: da Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙarsa ta 1972, Soul Makossa, ya sa a kundinsa na 1982, Dibango ya bi haƙƙinsa har aka sasanta da biya. Makaɗin kauyenmu ba shi da lauya. In jikan maƙwabcinsa bai ji kunyar ɗaukar kayansa ba, wa zai ji? Nijar tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma ofishi a Yamai ba zai shiga ɗakin yaro a Bande ko Wacha ba. Uwa da uba da malami su ke shiga.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya shafe mu mu Hausawa musamman. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata yana sassautawa, sauti ya hau ya sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, shi ya sa dattijo zai ji take ya san na wane ne. Yaron da ya yanki taken wani basarake ko na mahauta bai san ma'anarsa ba, ya datse shi a tsakiya, ya juya shi, ya ɗora waƙar soyayya, ya ɓata magana ko da kiɗan ya yi daɗi. Manhaja tana nuna masa zanen sauti, ba ta gaya masa abin da gangar ta ce. Wannan sai a bakin mai ita.

Tun shekarun 1990 fiyano ya mamaye ɗakunan haɗa waƙoƙin fim a Kano, daga can ya shigo bukukuwanmu. Yau biki da yawa lasifika ake haya, mai kalangu yana gida. Shi ya sa nake ganin tsakuren sauti, in an bi da shi daidai, zai iya mayar da yaranmu ƙofar waɗannan mutane. Muna da misali daga jiharmu ta Damagaram. Malam Mamman Barka malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. Da ya ga biram, molon masuntan Buduma na tafkin Chadi mai tsarkiya biyar, yana shirin ɓacewa, sai ya je ya zauna gaban Bukar Tar, gwani na ƙarshe, ya koya, ya kai kiɗan har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ya je da ƙafarsa, ya kuma ambaci malaminsa a ko'ina.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kuma malamanmu na addini sun yi magana a kan kiɗa. Wannan hukuncin gida ne, ba na ja da uban da ya yanke shi. Amma ko shi zai amfana da sanin cewa yanka sauti da tsabtace shi da daidaita ƙarfinsa shi ne aikin da ake yi a gidan rediyo, shi ne kuma ake yi wa karatun malami kafin a raba a waya. Wasu kuma za su ce karatun boko zai sha kashi. Gaskiya ne in an bar yaro ba iyaka. Maganinsa a yanka masa lokaci, kamar yadda ake yi wa ƙwallo.

Ga abin da nake ba da shawara. Malami ya haɗa yara uku ko huɗu, su nemi mai gangar noma ko makaɗin kokawa ko matan da ke luguden daka. Su yi gaisuwa, su faɗi abin da za su yi da sautin, su kai goro ko abin da ya sawwaƙa. Su ɗauka da waya a wuri marar hayaniya, nesa da injin niƙa. Su rubuta a littafi sunan makaɗi, garinsa, ranar ɗauka, sunan kiɗan da ma'anarsa. Sannan su zo su yanka. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba. In sun gama, mutum na farko da zai saurara shi ne mai gangar. In ya ce an ɓata masa magana, a koma a gyara. In wata rana kiɗan ya kawo kuɗi, da rabonsa a ciki, kuma a faɗa masa haka tun ranar farko.